Ɓawon Itacen da Na Wanke a Doha

Da sunan Allah na fara. Ni Garba ne, mutumin Funtuwa, kuma ba marubuci ba ne. Aji uku na yi a firamare aka cire ni, sai ɗan abin da na samu a makarantar allo ta unguwarmu. Lokacin da na sauka Doha gemuna ya fara furfura, gwiwoyina sun fara ƙara. Da a ranar wani ya ce mini zan zauna in koyi baƙaƙen wata ƙasa da ban taɓa jin sunanta ba, da na ce ya je a duba masa kai. Amma an yi, kuma har yau in na tuna sai in ji kamar in tashi in yi tsalle, gwiwar ce kawai take hana ni.

Zangona na farko wata unguwa ce, Al Thumama. Ejan ɗin da ya yi mini hanya ya rantse aikin tuƙi ne, mota mai sanyi, in kai yara makaranta in dawo da su. A kan wannan magana na sayar da a-kori-kurar da nake ci da iyalina da ita. Da na iso sai aka miƙo mini hular kwano da riga mai ƙyalli, aka nuna mini tulin bulo. Na kira ejan, waya a kashe. Har yau a kashe take.

Zafin can ba irin namu ba ne. Namu ƙona ka yake yi, nasu dafa ka yake yi, kamar an rufe ka a tukunya. Wata safiya ina ɗauke da bulo sai na ga ƙasa ta taso ta same ni. Da na farfaɗo na tarar da wani ɗan Nepal yana zuba mini ruwa a ƙeya. Ya buɗe kwanon abincinsa ya tura mini gabana, shi ya zauna yana kallon takalminsa. Ban san sunansa ba, ban kuma sake ganinsa ba. Allah Ya saka masa. Bayan wannan faɗuwa kamfanin ya ce na yi musu tsufa. In na samo wani kafil, wato mai ɗaukar nauyin zamana, su sake ni gare shi. In ban samo ba, jirgi.

Jirgi kuwa yana nufin in koma Funtuwa ba mota ba aiki, in tsaya gaban matata Hajara da yara hannu na dukan cinya. Wannan shi ne abin da ya hana ni cin abinci.

Zango na biyu Madinat Khalifa. Bayan sallar Juma'a ina neman takalmina sai na ji wani yana faɗa da Hausa a waya, wata irin Hausa wadda mace ma "ya" ake ce mata maimakon "ta". Na riƙe masa riga kamar na kama ɓarawo.

Ya juyo ya ce, "Massa, lafiya?" Wai Maigida ke nan a bakin 'yan ƙasarsu.

Na ce, "Ba lafiya ba. Ci gaba da magana kawai, in ji."

Sunansa Awudu, ɗan Zangon Kumasi, sa'ana ne, ya daɗe a ƙasar har ya iya Larabcin kasuwa da ɗan Indiyanci. Yana tuƙa motar kai kaya ta wani shagon turare. Ya ba ni gado a ɗakinsu, ya tuƙa mini tuwo irin nasu mai laushi kamar kunu. Na ci ina kuka ina zagin tuwon.

Ya ce, "Nijeriya, kana zagi kana ƙarawa. Zaɓi ɗaya."

Shi ya kai ni wurin aikinsu, zango na uku, Al Mirqab. Shago ne na itacen ud, wanda Larabawa ke ƙonawa a kasko su turara tufafinsu. Gaba gilashi ne da fitilu. Baya kuwa sito ne, akwatuna daga ƙasa har rufi, da mutane zaune a ƙasa kowa da ɗan kurfinsa yana sassaƙe farin itace yana barin baƙin, don baƙin shi ne turaren. Dukansu 'yan wuri ɗaya ne a Indiya da ake kira Assam, inda bishiyar take fitowa. Manajan ma nasu ne, Mudir muke ce masa.

Aikina shi ne in Mudir ya kira sunan kaya daga gaba, in ruga sito in ɗauko akwatin kafin mai saye ya gaji. Sai dai kowane akwati da rubutunsu aka yi masa alama. Ba boko ba ne, ba Larabci ba ne. Wani dogon layi ne a sama, baƙaƙen suna reto a ƙarƙashinsa kamar an shanya wanki a igiya.

Mudir ya dube ni sama da ƙasa ya ce wa Awudu, "Gwaji ne, zuwa ƙarshen wata. In yana kawo daidai, mu karɓe shi. In ba haka ba, khalas, shi ke nan."

Na gwada haddace wurin da kowane akwati yake, ashe kullum sauya musu wuri ake yi. Na gwada da hanci, kafin azahar hancin ya mutu, komai ƙamshi ɗaya. Ran nan na kai wa wani Balarabe mafi arha a madadin mafi tsada. Ya sansana, ya dube ni, ya fita abinsa. Mudir ya yi ta ihu har jijiyar wuyansa ta fito.

A cikin masu sassaƙar akwai dattijo, sunansa Nurul, amma kowa Kokai yake ce masa, wai Yaya ke nan a bakinsu. Siriri ne, da tabarau ɗaure da zare, kuma shi yake rubuta alamun akwatunan duka. Ranar ihun, lokacin hutun rana, ya yafito ni. Ya yago kwali, ya zana abu mai kusurwa uku da ɗan hannu a gefe, kamar buta a rataye.

Ya ce, "Ko."

Na ce, "Ko."

Ya zana wani. "Kho."

Jama'a, ashe karatu ne kamar kowane karatu! Baƙi ne da wasali, daga hagu ake farawa irin na boko. Na ji wani abu ya motsa a ƙirjina wanda rabona da shi tun ina yaro. Don in nuna masa ni ma na san duniya sai na ce, "Bangala?" domin na ga irinsa a shagunan 'yan Bangladash. Dattijon nan ya cire tabarau.

"Osomiya!" ya ce, yana dukan ƙirji, wato na Assam ne. Ya zana wani baƙi mai kusurwa uku ya ja masa layi a ciki, ya ce wannan nasu ne su kaɗai, na waɗancan ɗigo ne a ƙasa. Ban sake wannan katoɓarar ba.

Kullum hutun rana muna kan kwali. Ba mu da yare ɗaya sai guntayen Larabci da hannu. Shi Gorba yake kirana. Wata rana ina share sito idona ya faɗa kan wani buhu, sai kawai bakina ya fara da kansa: go, la, gha... Golaghat! Sunan garin Kokai ne da nake ji yana ambata. Na yar da tsintsiya na yi kabbara da ƙarfi har Mudir ya leƙo yana tsammanin gobara ce. Na kama Kokai na ɗaga shi sama. Ba shi da nauyi, kamar buhun auduga. Yana dariya yana dukan kafaɗata in sauke shi.

Washegari ya zo da wani abu naɗe cikin farin mayafi mai jan baki. Ya wanke hannu kafin ya buɗe. Wani falle ne mai faɗin tafin hannu, tsawonsa kamar kamu ɗaya, rawaya, sumul kamar fata, da ɗan rami a tsakiya. Baƙaƙen nan duka suna jere a kansa, wasula a sama, sauran a ƙasa, rubutu mai kyan da ban taɓa gani ba. Ya nuna itacen da suke sassaƙa, ya nuna fallen. Na gane: ɓawon bishiyar ud ne. Wato tun kafin takarda kakanninsu a kan ɓawon wannan bishiya suke rubutu. Cikinta turare, bayanta littafi.

Ya yi dogon bayani. Na tsinci kalmar uba, na tsinci bishiya, na tsinci yarinya, na tsinci tafiya. Na yi ta gyaɗa kai kamar yadda kowane baƙo yake yi. Abin da na fahimta sarai shi ne na ƙarshe, da ya ɗora mini a hannu ya ce in tafi da shi in karanta.

Ni kuwa da na juya shi sai na ce a raina, ai wannan allo ne. Malam ya rubuta wa ɗalibi allo.

Na tafi da shi Madinat Khalifa na duƙufa. Da asuba kafin mota ta zo, da yamma bayan an tashi, ina zaune ina rangaji ina rerawa da muryar makarantar allo: ko, kho, go, gho. Awudu ya toshe kunne da matashi.

"Massa, aljanun Indiya kake kira mana?"

"Ilimi nake nema, jahili."

"Nemi shi a hankali, mutane suna da aiki gobe."

Ran wata Juma'a da safe na rufe ido na karanto su daga farko har ƙarshe, na sake, na kuma sakewa, ba tuntuɓe. To a wurinmu kowa ya san abin da ke biyo baya. In ka haddace sai ka wanke allo, ka kai wa malam fari tas ya ɗora maka na gaba. Kai masa allo da tsohon rubutu ai cewa ka yi ba ka iya ba.

Na shiga wurin wanki na sa masa ruwa. Tawada ta ƙi motsi. Na ce lallai tawadar Indiya da taurin kai. Na sa sabulu. Rawayar ta fara fita, baƙin yana nan. Na ɗauko soson ƙarfe na wanke tukunya.

Awudu ya tsaya a bakin ƙofa da burushi a baki. "Nijeriya, ka tabbata?"

"Kai ba ka yi allo ba ne a Zangonku?"

"Na yi. Amma namu ba a naɗe shi a mayafi."

Ban saurare shi ba. Na dirje shi har gumi ya keto mini, na shanya shi a rana a kan akwatin na'urar sanyi. Kafin mu dawo daga masallaci ya bushe, ya kuma nannaɗe kamar kilishi. Na ce ba komai, ya dai fita.

Ranar Asabar na shiga sito ina taku ɗai-ɗai. Na durƙusa gaban Kokai yadda ake yi wa malami, na buɗe mayafin da hannu biyu, bakina har kunne.

Ya duba. Ya ajiye kurfinsa a hankali. Ɗaya bayan ɗaya sauran masu sassaƙar suka tsaya. Ya ɗauki ɓawon, ya juya bayansa ko rubutun yana can, ya shafa inda soso ya kakkarce. Bai yi faɗa ba. Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Ya naɗe shi ya sa a ƙarƙashin cinyarsa, ya ɗauki kurfi ya ci gaba da aiki.

Sai da Awudu ya dawo daga kai kaya ya tambayi ɗaya daga cikinsu, sannan ya ja ni waje.

"Massa, ka kashe mu. Bishiyar nan babansa ne ya shuka a gidansu. Da aka sare, wannan ɓawon kawai ya ɗauka. Ya daɗe yana gyaransa, ya shanya, ya goge, ya rina, tawadar ma da hannunsa ya haɗa. Jikanyarsa zai shiga makaranta, shi zai kai masa in ya tafi hutu. Aro ya ba ka. Su ba su wankewa, ajiyewa suke yi har jikan jika."

Na zauna a kan dakalin shagon.

Daga ranar karatu ya tsaya. In na gaishe shi sai ya amsa sallama don ta Allah ce, bayan ita ko kallo. Na kawo masa dabino, ya miƙa wa na kusa da shi. Ga shi baƙaƙe ɗai-ɗai kawai na sani, alhali alamun akwatunan cike suke da waɗanda ake haɗawa biyu su zama ɗaya, kuma ba mu kai nan ba. Sauran ma'aikatan ba wanda zai koya mini alhali Kokai yana fushi. Wata kuwa yana ta ƙarewa. Hajara ta kira tana tambaya ya aiki, na ce mata lafiya lau, na kashe wayar na kifa kai.

Da na ga ba sauran dabara sai na roƙi Awudu ya tsaya lokacin hutun rana. Na juye tokar kaskon shago a faranti, na baje ta, na zauna daidai inda Kokai yake cin shinkafarsa. Bai ɗago ba. Na sa yatsa na fara rubuta baƙaƙen da ka. Ban ankara ba sai hannuna ya koma gidansu, ya fara daga dama kamar mai rubuta ajami. Na yi na farko, na yi na biyu. Ina jin numfashin dattijon yana sauyawa. Ina cikin na uku sai ji na yi an make mini hannu.

"La! Daga nan!" Ya shafe tokar da tafinsa, ya dangwala yatsata a gefen hagu.

Na fara daga hagu. Na rubuta, in faranti ya cika in shafe in ci gaba, ina faɗin sunan kowanne, tun daga wasula har na ƙarshe, har da nasu mai layi a ciki. Shinkafarsa ta huce bai sani ba. Da na gama na ce wa Awudu, "Gaya masa. A wurinmu ba a wanke allo sai karatu ya shiga kai. Wankewar girmama malam ce. Ban san aro ba ne, ban san na babansa ba ne. Ya yafe mini."

Awudu ya juya masa da Indiyancinsa mai ɗingishi. Kokai ya dubi tokar, sannan ya yi magana.

Awudu ya ce, "Wai a ƙasarku kai ba ya mutuwa ne? Ya ce kawunan kakanninsa suna kabari, amma ɓawonsu yana nan ana karantawa."

Na ce, "Gaya masa yana mutuwa. Shi ya sa kafin ya mutu muke juye shi a wani kan."

Da aka gaya masa sai ya yi wani ɗan tsaki, ban sani ba ko yarda ce ko raini. Ya tashi ya fita bayan shago, ya dawo da guntun jan bulo. Ya zaro ɓawon, wanda ashe tun ranar ya danne shi a ƙarƙashin akwati ya miƙe, ya ajiye mini su biyun.

"Yalla, Gorba. Goga."

Ni da na gudo daga bulo, ga ni da bulo kuma! Amma wallahi ban taɓa jin daɗin aiki irin wannan ba. Kullum hutun rana ina goge karcen soso a hankali, shi yana gefe yana zana mini haɗaɗɗun baƙaƙe a kwali. Waɗannan sun ba ni wuya. Sai ka ga baƙi biyu sun hau kan juna kamar fasinjojin acaɓa, ba ka gane ƙafar wani daga ta wani. Akwai wasalin da ake rubutawa kafin baƙi amma sai bayansa ake faɗa. Na ce wa Kokai wanda ya ƙirƙiro wannan ba ya son zaman lafiya. Bai ji Hausa ba, amma ya gane zagi ne, ya ƙwanƙwashe ni da alƙalami. Da ɓawon ya yi sumul ya sake rina shi da gangamau. Ya ɗan fi da siranta, kuma akwai tabo ɗaya a gefe da ya ƙi ɓacewa.

Ranar ƙarshen wata Mudir ya shigo sito da takardun kafil a hannu, bai sa hannu ba. Ya tambayi Kokai da yarensu, na ji sunana a ciki. Kokai ya miƙe. Sai ya juya baya ga akwatunan, ya ɗaga murya ya kira sunan kaya.

Na ruga. Idona yana bin layukan nan, bakina yana haɗawa. Ga shi can sama! Na hau tsani na sauko da shi. Ya kira wani, na kawo. Ya kira wani. Masu sassaƙa suka ajiye aiki suna tafi, Awudu yana bakin ƙofa yana ihu, "Nijeriya! Nijeriya!" kamar ana ƙwallo. Na manta da gwiwa, na manta da furfura. Sai ya kira wani mai haɗaɗɗen baƙi a tsakiya, na tsaya tsakanin akwati biyu, na ɗauko ɗaya. Da aka buɗe, ba shi ba ne.

Tafi ya tsaya. Mudir ya ɓata fuska, ya fara naɗe takardun. Na fara ganin tashar motar Funtuwa a idona.

Kokai ya gyara tabarau ya yi wata doguwar magana, ba ya ko murmushi. Sai sito ya fashe da dariya, wani har da faɗuwa a kan buhu. Mudir ya yi ƙoƙarin daurewa, ya kasa. Ya warware takardun, ya ɗora a kan akwatin da na kawo bisa kuskure, ya sa hannu.

Na kama Awudu. "Me ya ce? Don Allah me ya ce?"

Awudu yana share hawaye ya ce, "Wai Mudir ya riƙe ka. Karatu dai saura kaɗan, shi zai ƙarasa maka. Amma tawadar nan, ya ce tun zamanin kakanninsa ruwa bai taɓa cin ta ba, damina da ambaliya sun yi sun gaji. Mutumin da ya fitar da ita da soson tukunya, in aka sake shi wani shagon ya ɗauka, an yi asara."

Na fita bakin titi, rana tana dukana ban ji ba, na kira Hajara. Tana ɗauka na ce, "Sun karɓe ni! Kuma mijinki ya iya karatun Assam!"

Ta ce, "Alhamdu lillahi. Malam, mene ne Assam?"

Na ce, "Samu wuri ki zauna."